Shekarar da Na Ƙi Kujera Na Nemi Ludayi

Ƙarfe biyu da kwata na rana ne, ranar Juma'a, a ɗakinmu na haya da ke unguwar Al Mirqab a Doha. Mu huɗu ne a ciki: ni, da Isiya ɗan Bakori mai gadi a wani babban kanti, da wasu direbobi biyu da ya jawo su yi masa rakiya. Dawowata ke nan daga masallaci, na rataye hula, na zuba shinkafa zan ci. Isiya ya yi sallama yana tsaye, gumi ya jiƙa masa riga har baya.

"Baba Ciyaman, mun zo ka dawo."

"In dawo ina? Ga ni a ɗakina."

"Ka dawo kujerarka. Wata mai kamawa zaɓe. In ka tsaya, duk muna bayanka. In suka yi mana wasa, mu ware mu kafa tamu ƙungiyar, kai ne shugaba. Khalas, magana ta ƙare."

Na ce masa ya zauna tukuna, don ba na magana da mutum yana tsaye a kaina. Ya zauna a bakin katifa kamar wanda aka ɗora a kan garwashi.

Ku 'ya'yana, na san abin da ya iso kunnenku. An ce muku a Doha ƙananan ma'aikata sun dogara da ni, ni kuma na juya musu baya don manya sun saye ni da mutunci da sanyin ɗaki. Maganar daga Bakori ta taso, ta shigo Malumfashi, har a bikin 'yar'uwarku Hauwa an yi ta a bayan idona. Ban taɓa mayar da martani ba. Yanzu da na tsufa zan jera muku abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya, ku yi hukunci da kanku.

Na farko, yadda na tarar da ƙungiyar. A shekarun nan da Doha ke ta tashi, ko'ina rami da ƙarfe da ƙura, Hausawan garin iri biyu ne. Akwai likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, masu gidaje a Al Gharrafa da Al Rayyan, da matansu da 'ya'yansu. Akwai mu, direbobi da masu gadi, da muka baro iyali a gida muka cunkushe a ɗakunan kamfani. Abin da ya haɗa mu shi ne taron Juma'ar farko ta kowane wata a gidan ɗaya daga cikin manyan. Matansu kan tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, da daddawar da aka ɗauko tun daga gida a ƙasan akwati. Ba za ku gane darajar wannan tuwo ba sai kun yi wata guda kuna cin shinkafa da miyar Indiyawa safe da yamma. Na ga ƙato mai gemu ya kai loma baki idonsa ya cika da hawaye. Amma ga yadda ake yi: da an sauko daga masallaci sai a buɗe tukunya. Manya su shige majalisi, wato falon baƙi, cikin sanyin esi, ƙanana su zauna a tabarma ƙarƙashin rumfar mota. Masu gadi kuwa ba sa tashi daga aiki sai rana ta karya, kafin su nemo mota su iso, sai ƙanzo da warin miya. Ba wanda ya zauna ya tsara haka don mugunta. Haka aka fara, haka aka saba, wanda ya ƙoshi kuma ba ya waiwaye.

Shugabanci ya faɗo mini ne don manya biyu sun yi ta ja a kansa, aka rasa wanda zai bar wa wani, sai aka ce a ba dattijon direban nan mai zuwa a kan lokaci. Ranar da aka zaɓe ni na miƙe na ce shekara biyu zan yi in sauka, ba zan sake nema ba. Ba wanda ya tambaye ni. Na faɗa ne don na gaji da ganin masu manne wa kujera a ƙasarmu, ina so a ga bambanci.

Abu uku na gyara. Ɗaya, ba a buɗe tukunya sai motar ƙarshe ta masu gadi ta iso. Biyu, wurin ci ɗaya ne, a gauraye, likita da direba hannu a tire guda. In ɗaki ba zai ɗauke mu ba, kowa ya fito waje. Uku, kowane babba na ɗaura masa ɗakin ma'aikata guda, ya zama shi za su kira in ciwo ya kama wani ko an samu matsala da kafil, wato mutumin da takardar zamanka ke hannunsa. Wannan na ukun ku riƙe shi da kyau, don shi ne ƙashin bayan komai. Akwai direban da mahaifinsa ya rasu, kafil ya ƙi sakin fasfonsa. Mu mun je mun yi ta roƙo a bakin ƙofa, ko kallo ba mu ishe shi ba. Injiniya guda ya sa kwat ya shiga ofis ya sha shayi da shi, washegari mutumin nan yana cikin jirgi. Mu muna da yawa da ƙafafu, su suna da baki. Tuwo ne ke sa bakin ya san sunan mai ƙafa.

Na biyu, inda na samo wannan tunani, don ba a kaina ya tsiro ba. Ni direban bas ɗin ma'aikatan wata jami'a ne a lokacin. Cikin waɗanda nake ɗauka akwai Dakta Sa'idu, Bazazzagi, malamin tarihi, ɗan siriri mai yawan tsokana. Yana da mota a gida amma ya rantse ba zai shiga shataletalen Doha da hannunsa ba. Gidansa a Al Rayyan shi ne zangon ƙarshe, saboda haka kullum mu biyu muke ƙarasawa, ya dawo kujerar gaba ya miƙe ƙafa. Ni karatuna bai wuce firamare da allo ba, amma ina son a ba ni labari a jere, shi kuma yana son mai sauraro da ba ya neman maki. A wannan shekarar yana koyar da tarihin wani shugaban Amurka na farkon ƙarnin da ya wuce. Sunansa yana cikin littattafanku; ni harshena bai taɓa kama shi daidai ba, sai Dakta ya nuna mini hotonsa, mutum mai gashin baki da haƙora a waje da ɗan tabarau a kan hanci. Daga ranar muka sa masa Mai Tabarau.

Abin da ya ja ni gare shi, mutum ne mai tsari da zafin nama. A zamaninsa manyan kamfanoni sun haɗe kai sun danne ƙanana, suna yanka farashi yadda suka ga dama, ya maka wasunsu a kotu aka wargaza su. Ana sayar wa mutane nama da magani ba mai duba abin da ke ciki, ya tsaya aka yi doka, aka sa ma'aikata masu shiga mayanka suna dubawa. Ya keɓe dazuzzuka masu faɗi ya ce ba na masu katako kaɗai ba ne, har da waɗanda ba a haifa ba. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na masu haƙar kwal. Sun ajiye aiki, sanyi yana tafe, mutane za su rasa abin ɗumama gida. Shugabannin da suka gabace shi sojoji sukan tura wa ma'aikata. Shi sai ya kira masu ramukan da wakilan ma'aikata ya zaunar da su a ɗaki guda.

"Masu ramukan sun yarda?" na tambayi Dakta.

"Sun zo dai, suna kumburi kamar an taka musu wutsiya. A ce su zauna da wanda ke shiga musu rami? Amma sun zauna."

"To ai mu ma namu ke nan, Dakta."

"Malam Haruna, ni labari na ba ka. Kada ka je ka ce ni na aike ka ka fitar da mu daga esi."

Juma'ar taron da ta biyo baya na fitar da su daga esi, har da shi. Ya ci tuwonsa a tabarma yana share zufa yana cewa Allah ya isa tsakaninsa da tarihi.

Na uku, saukata. Da shekara biyu ta cika na cika alkawari. An roƙe ni in zarce na ƙi. Ni da kaina na ɗauko wanda zai gaje ni, Injiniya Mukhtar, ma'aikacin wani kamfanin gas, wanda ya shigar wa direban nan maganar fasfo. Mutum ne ƙato, mai faɗin fuska da dariya, mai kyauta, bai iya ganin ran mutum a ɓace ba. Yaya yake ce mini ko a gaban Larabawa. Na yi masa kamfe ɗaki ɗaki, aka zaɓe shi ba hamayya. Sannan na ɗauki dogon hutu na taho gida, shekarar da muka yi rufin ɗakin mahaifiyarku na baya, wanda ku manyan kuka tuna.

Da na koma, bazarar can ta kama, irin zafin da in ka taɓa sitiyari da rana sai ka saki. Taron watan a gidan Alhaji Maikano aka yi, a Al Gharrafa, wani babban akanta da ya fi kowa daɗewa a garin. Na isa bayan la'asar kamar yadda na tsara, sai na tarar an ci an wanke hannu. Aka tarbe ni da murna, aka ja ni cikin majalisi, aka kawo mini nawa da aka rufe a kula. Ina zaune ta gilashin taga na hango motar masu gadi ta tsaya. Na ga Isiya ya buɗe tukunya, ya leƙa, ya sa cokali yana kankarar gindinta, sauran suna tsaye da faranti a hannu. Isiya ne fa, wanda ni na tarbe shi ranar da ya sauka ƙasar, ya kwana a katifata mako guda, na koya masa yadda ake gaida Balarabe da yadda ake yi masa shiru. Na mayar da murfin kular. Na ja Mukhtar gefe.

"Injiniya, me ya faru da tsarin?"

"Yaya, a hankali. Zafi ne. Alhaji ya ce masu ciwon suga ba za su iya jira ba. Hajiyarsa kuma ta yi kukan kafet, wai miya ta ɓata shi. Na ce bari a sassauta zuwa sanyi."

"Wa aka sassauta wa?"

Sai ya kama hannuna da hannu biyu yana murmushi. Na zare hannuna. Daga ranar gaisuwarmu ta koma ta masallaci, haka muka ci gaba har wa'adinsa ya kusa cika.

To kun ga abin da ya kawo Isiya ɗakina da direbobi biyu. Na ce ya ba ni mako guda. Ba zan ɓoye muku ba, raina yana so. Na san in na tsaya zan ci, ko in ci ko in fasa ƙungiyar gida biyu in ɗauki babban rabin. Ina tuƙi ina jera jawabin da zan yi a kaina.

Ranar Lahadi da yamma muka maƙale a cunkoso kusa da wata gada da ake ginawa, daga ni sai Dakta. Na daɗe ina juya tambayar kafin na sake ta.

"Dakta, Mai Tabarau da ya sauka, me ya yi?"

Ya cire gilashinsa ya dube ni, sai ya fashe da dariya.

"Isiya ya zo wurinka ke nan."

"Tambaya na yi."

"To saurara, amma kada ka ce na ƙirƙira. Shi ma ranar da ya ci zaɓe ya yi alkawari ba zai sake nema ba, ba wanda ya tilasta shi. Shi ma ya ɗauko amininsa, wani ƙaton mutum mai sanyin hali, ya ɗora shi. Sannan ya tafi Afirka farauta, kamar yadda ka tafi Malumfashi rufin ɗaki. Ya dawo ya tarar aminin nan ba ya tafiya yadda yake so, yana sauraron dattawan jam'iyya. Magoya baya suka yi ta zuwa suna cewa ka dawo, ka dawo. Ya dawo. Jam'iyya ta ƙi ba shi takara, ya ɓalle ya kafa tasa. Ƙuri'a ta rabu, shi ya faɗi, aminin ya faɗi, wani na uku ya haye. Suka yi shekaru ba sa magana, sai dab da mutuwarsa suka shirya."

Motar gabanmu ta motsa ta sake tsayawa. Sannan na ce ina da tambaya uku.

"Kai komai naka uku ne. Bismillah."

"Ya yi daidai ko ya yi kuskure?"

"Har yau masana suna faɗa a kai. Wasu sun ce son kai ne. Wasu sun ce hayaniyar da ya tayar ce ta sa wanda ya ci ɗin ya aiwatar da wasu abubuwan da yake kira a yi. Ba zan yi maka ƙarya in ce amsar ɗaya ce ba."

"Masu duba nama fa, da dazuzzukan? Sun tafi da ya faɗi?"

"Suna nan har gobe. Yau ɗin nan akwai mutumin da ya tashi da safe ya tafi mayanka duba nama, wataƙila bai ma san wa ya fara ba. Abin da ya mayar aiki, da mai yinsa kullum, ya zauna. Abin da ya tsaya a kan muryarsa da haƙoransa, ya bi shi."

"Na uku, ni me zan yi?"

"Tarihi nake koyarwa, ba duba ba. Yalla, mu je, hanya ta buɗe, Balaraben bayanka zai cinye mu da hon."

Na sauke shi na dawo ina lissafin abu guda. In na ɓalle da direbobi da masu gadi, za mu samu tuwonmu, ko da mu muka tuƙa da kanmu. Amma ranar da kafil ya riƙe fasfon wani, wa zai sa kwat ya shiga ofis? Ranar da wani ya faɗi a bakin get da zazzaɓi, wane likita zai ɗaga waya? Manya ba za su yi asarar komai ba in muka tafi, sai ma kafet ɗinsu ya huta. Ƙanana ne za su biya. Amma kuma in na zauna na yi shiru, Isiya zai ci gaba da kankarar tukunya. Na san abin da ba zan yi ba, ban san abin da zan yi ba.

Mahaifiyarku ce ta ba ni sauran, ba tare da ta sani ba. Ranar Laraba na sayi kati na kira gida, na zayyana mata komai, tana ji tana tsawata wa ɗayanku da ke taɓa mata garwashi.

"Yanzu Malam, ku manya da gemu, a ƙasar mutane, tuwo ne zai raba ku?"

"Ba tuwo ba ne, tsari ne."

"To. Ba kai ka miƙe a gaban jama'a ka ce ba ka ƙarawa ba? Har ka bugo kana yi mini alfahari."

"Na faɗa."

"Shi ciyaman ɗin shi ke zuba abincin?"

"A'a. Duk wanda ya ga dama ya ɗauki ludayi."

"Shi ya sa. Nan gidan kai ne mai gida, amma tunda aka kawo ni ka taɓa sanin wa ya fara ci wa ya ƙare? Ni dai in ban buɗe tukunya ba ko kai sai ka jira. Katinka zai ƙare, ga Hauwa tana son jin muryarka."

Ranar zaɓe a gidan Alhaji Maikano aka sake taruwa. Isiya ya yi aiki, ya sa masu gadi da yawa sun yi musayar duti sun zo da wuri, tsakar gidan ya cika har bakin get. Da aka ce a kawo sunaye, ya miƙe ya kira sunana da ƙarfi, hannuwa suka tashi kamar dawa a gona. Na dubi Mukhtar. Yana zaune babbar rigarsa ta jiƙe, yana murmushin nan nasa, amma idonsa a ƙasa. Na miƙe, na jira aka yi tsit.

"Na gode. Magana uku zan yi. Ta farko, na ce ba zan sake nema ba, kuma ba zan nema ba. Ta biyu, Injiniya Mukhtar nake goyon baya ya zarce. Ta uku, ina neman wani muƙamin da ba kowa a kai. A ba ni ludayi. Ni zan riƙa rabon abinci."

Aka kwashe da dariya, har da manya. Wani likita ya ce tsohon ciyaman ya zama kuku. Na bari suka gama.

"Ba a ɓoye nake nema ba, da sharaɗi biyu, ku ji su kafin ku ba ni. Ba zan buɗe tukunya ba sai motar ƙarshe ta iso. Kuma wurin ci ya koma ɗaya. A kaɗa ƙuri'a a kan kowanne, ya zama dokar ƙungiya, ko wa ke kan kujera."

Alhaji Maikano ya gyara zama ya ce, "Malam Haruna, da girmanka. Masu suga fa? Mutum ya sha magani ya zauna da yunwa har yamma?"

"Ranka ya daɗe, dabino da kunu suna wuyana. Duk wanda ba zai iya jira ba ya zo in ba shi, babba ko ƙarami. Tuwo dai sai mota ta zo."

Aka kaɗa. Sharaɗin farko ya wuce, Mukhtar ne ya fara ɗaga hannu. Na biyu ya faɗi. Masu gidaje suka ce ba za a tilasta musu zaman rana a gidajensu ba, ɗakunan kuma ba sa ɗaukar kowa, wasu direbobin ma suka ji nauyin ɗaga hannu a gaban masu masaukinsu. Na karɓi hukuncin, don ni na ce a kaɗa. Mukhtar ya zarce ba hamayya.

Isiya ya ratso mutane ya tsaya a gabana.

"Baba, mun bar aikinmu mun zo dominka. Ka sayar da mu a kan ludayi?"

"Isiya, zauna mu yi magana."

"Na gaji da zama. A rana muke zaune tun da muka zo ƙasar nan."

Ya juya ya fita, wasu suka bi shi. Ko tuwon bai ci ba, ranar da aka koma jiran mota.

Abu guda ban nemi ƙuri'a a kansa ba, don hurumin mai ludayi ne: inda tukunya za ta zauna. Na sa aka jera tukwane a ƙarƙashin rumfar mota, na ce ba tire da zai shiga ɗaki, kowa ya ɗauki farantinsa ya bi layi, inda zai kai ya ci ruwansa. Da mota ta iso aka yi cirko-cirko, manya suna kallon juna daga bakin ƙofa. Sai Mukhtar ya tattare rigarsa ya ɗauki faranti, ya je can ƙarshe ya tsaya bayan wani mai gadi ɗan Gumel da ko takalmin aiki bai cire ba. Da layi ya kawo shi gabana ya miƙo farantin.

"Yaya, a ƙara mini miya."

"Ludayi ɗaya ne kowa, Ciyaman."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Dakta yana bayansa yana cewa Mai Tabarau bai taɓa yin wannan dabarar ba, da ya sani da ya nemi aikin duba nama.

Haka na riƙe ludayin nan har na bar Doha. Ciyamomi suka zo suka wuce, ba wanda ya taɓa neman karɓe shi, don ba wanda ke son tsayuwa a kan tukunya cikin zafi. A layin nan likita ya san wanda matarsa ta haihu, injiniya ya ji wanda ba a biya albashi ba. Ƙungiya ba ta rabu ba, manya ba su daina ɗaga waya ba.

Ga kuma abin da na biya, don kada ku ce na faɗi riba na ɓoye asara. Ni da Mukhtar ba mu koma kamar da ba. Yana girmama ni, amma ya daina zuwa ɗakina shan shayi. Da bazara manya suka ci gaba da shigewa esi da farantinsu, ƙanana suna rumfar mota, a kan wannan Isiya bai yi ƙarya ba. Shi da mutanensa sun yi nasu taron na ɗan lokaci a ɗakin kamfani, daga baya yawancinsu suka dawo layi. Shi bai dawo ba. In mun haɗu a masallaci ya amsa sallama ya wuce. Ya riga ni komowa gida, kuma daga bakinsa maganar da kuka ji ta fito. Ban riƙe shi ba. Ya ga abin da idonsa ya gani ne, mutumin da zai iya cin zaɓe ya ƙi. Ni kuma in aka mayar da ni ranar, abin da na yi shi zan sake yi.

Bara wani direba ɗan unguwarmu ya zo hutu daga Doha ya shigo gaishe ni. Na tambaye shi taron Juma'a. Ya ce ana nan ana yi, sai dai akwai wata al'ada mai ban haushi, wai ko yunwa za ta kashe ka ba a buɗe tukunya sai motar masu gadi ta zo. Na ce wa ya kawo wannan? Ya ce oho, haka ya tarar. Na ce a ƙaro masa shayi.

Saura roƙona gare ku, kuma umarni ne. Ranar da Allah ya karɓi raina, mutane suka taru a gidan nan saboda ni, kada ku shimfiɗa wa masu manyan riguna a zaure ku bar sauran a rana. Ku ajiye tukunya a tsakar gida, layi ɗaya, babbanku ya riƙe ludayi da hannunsa. Ku aika Bakori a gaya wa Isiya, ku tura masa mota, kuma kada ku buɗe tukunyar sai motar ta dawo. In ta dawo ba shi a ciki, nasa za ku fara zubawa, daga sama ba daga gindi ba, ku rufe a kula, ɗayanku ya kai masa har gida.